Laifin Saitin Kamfani Ne

A bencin shagon gyaran bindigogi a birnin Cebu, murna ta hana wani dattijo da ake kira Manong Berting yin shiru. Ya juya ga matar da ke gefensa, wadda bai sani ba, ya kira ta Inday, kamar yadda ake kiran mace a can.

"Inday, saitin kamfani, ɗan ƙarfen nan na auna hari, ake cire wa 'yar bindigata. Kore za a sa, mai ƙyalli kamar idon mage."

"Karyewa ya yi, Manong?"

"Karkatacce ne. Shi ya sa matata ta cinye ni a gasar harbi, kuma wanda ya faɗi shi ke wanke-wanke." Ya ƙyalƙyale da dariya. "Lahadin nan za ta gani."

"Ita da wace bindiga ta harba?"

"Da wannan mana, ɗaya gare mu."

"To, Manong, ka biya kanti ka ƙaro sabulu."