Kwamfutocin da Ke Sito Lafiyarsu Ƙalau

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, shugabar ma'aikata da mataimakinta, 'yan kwamitin gudanarwa, wakilan ƙungiyarmu, iyayenmu da suka yi furfura a bakin wannan aiki, yayyena da ƙannena na hawan sama da na hawan ƙasa, direbobi da masu gadi da masu shara da ke tsaye can bakin ƙofa saboda kujeru sun ƙare, ina gaishe ku baki ɗaya, ina kuma yi muku sannu da haƙurin zama.

Ina godiya ga kwamiti da ya ba ni wannan dama, ina kuma godiya ga duk wanda ya taɓa riƙe mini ƙofa lokacin da nake sauka daga bene da kwamfuta a rungume. Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai gyaran kwamfutocin gidan nan, wanda kuke kira Injiniya idan kuna neman taimako, kuke kuma kira "wancan mutumin" idan firinta ta ƙi aiki.

Magana biyu ke gabanmu yau. Ta ɗaya, ko za a ɗora babbar manhajar nan ta kyauta a kan dukkan kwamfutocinmu, bayan gwajin da aka yi a hawan ƙasa. Ta biyu, shawarar da kwamiti ya kawo cewa a ɗauke Anti Walƙiya daga teburinta na buga takardu a mai da ita sito ta riƙa lura da kaya, saboda an ce aikinta ya ja baya. An raba maganganun nan biyu kamar ba su san juna ba. Ni kuwa na tashi ne in gaya muku magana ɗaya ce, kuma in roƙe ku kada ku taɓa kujerar baiwar Allah nan sai kun ji ni.

Da farko, bari in faɗi abin da yake gaskiya game da manhajar, don kada wani ya fita ya ce Injiniya ya juya wa abinsa baya. Babbar manhaja ita ce wadda ke tashi idan kun kunna kwamfuta, ita ke riƙe da duk sauran abubuwan da kuke aiki da su. Wadda muka saba da ita ta kamfani ce, sayenta ake yi, kuma a rufe take. Wannan sabuwar kuwa mutane ne daga ko'ina a duniya suka haɗu suka gina ta, suka bar ta a buɗe, kowa na iya leƙa cikinta ya gyara, ba kuma a biya. Ni na kawo shawarar a gwada ta, ita ce a kwamfutar gidana, kuma har gobe ina son ta. Tsofaffin kwamfutocin da sai ka kunna su ka je ka gaisa da ofis uku ka dawo kafin su farka, yanzu suna tashi garau. Bairos ɗin da ke cinye mana fayiloli ya yi sauƙi. Mun huta da manhajar sata, wadda kullum take fito mana da gargaɗi a gaban baƙi, muna rufewa da sauri kamar mun ɓoye kayan wani. Duk wannan gaskiya ne, ba na janye ko kalma ɗaya.

Na biyu, akwai abin da ba a faɗa a takardar gwajin ba. An tambaye ni ko manhajar ta dace da mai aikin yau da kullum, wanda ba ruwansa da cikin kwamfuta, shi dai ya buga takarda, ya aika saƙo, ya fitar da kwafi, ya tafi gida. Amsata ita ce, ta dace da shi idan akwai mutum a kusa da shi. Idan babu, wallahi wahala ce. Firintar ofishin albashi ta ƙi gane sabuwar manhajar, sai da na kwana biyu ina lallashinta. Takardar da aka aiko daga waje, ka buɗe ta ka tarar layuka sun watse, tambarin sama ya sauko tsakiya. Wadda ka buga da kyau ka aika, ta isa can a karkace, a bugo waya a ce ba ku iya aiki ba. Idan ka nemi taimako a intanet, mutanen kirki za su amsa maka, amma amsar ita ce ka buɗe wani baƙin allo ka rubuta wasu kalmomi da ba su yi kama da maganar ɗan Adam ba. Ni wannan abincina ne, ina jin daɗinsa. Amma ku gaya mini, mai buga takardar da shugaba ke tsaye a kansa yana jira, ina ya ga lokacin baƙin allo?

Na uku, kuma nan ne gajiyata take. Jama'a, mu a gidan nan muna da wata ɗabi'a, kuma dukkanmu mun san ta. Ba ma cewa "ban iya ba". Babba ba ya faɗa a gaban ƙarami, namiji ba ya faɗa a gaban mace, wanda ya daɗe ba ya faɗa a gaban wanda ya zo jiya. Abin da muke cewa shi ne, "Injiniya, kwamfutar nan ta lalace." Sai in zo in cire wayoyi, in rungume ta, in tafi da ita ɗakina. In kunna, ta tashi lafiya lau. In duba ciki da waje, ko tari ba ta yi. In mayar, in ce an gyara. Bayan kwana biyu a sake kira na, "Ta kuma lalacewa." A karo na uku sai mai ita ya ce, "Kai dai kai ta sito, a ba ni tsohuwar da ba a canza mata komai ba." Ku je sito yanzu ku gani. Kwamfutoci ne jere a kan kanta, kowace da takardar "ta lalace" manne a goshinta, kuma na rantse muku da Allah lafiyarsu ƙalau. Abin da ya lalace kawai shi ne maɓallin da aka saba gani a hagu ya koma dama, kuma ba wanda zai iya buɗe baki ya tambaya. Ba zan ce kowa ya ɗaga hannu ba, ba zan kuma kalli kowa ba. Ba sai kun ɗaga ba ma, ƙashin bayana ya san ofishin kowa.

Na gaji, jama'a. Ba na jin kunyar faɗa. Na gaji da gyaran abin da bai lalace ba, na gaji da hawa da sauka, na gaji da a tare ni a bakin masallaci ko a wurin ajiye babura a ce, "Tunda kai ka kawo ta, kai za ka san yadda za ka yi." Maiɗakina har ta daina tambaya ta yaya aiki, sai dai ta ce, "Yau guda nawa ka yi wa goyo?"

To, a duk hawan ƙasa mutum ɗaya ce ba ta taɓa kira na ta ce kwamfutarta ta lalace ba, ita ce Anti Walƙiya. Ƙannena da suka zo kwanan nan ba su san dalilin sunan ba. Mu da muka tarar da ita mun sani. Kana karanta mata tana bugawa, idonta na kanka, tana ma tambayar ka lafiyar yara, kafin ka haɗiye miyau takarda ta fito ba kuskure. Rabin waɗanda ke zaune a nan ita ta koya musu yadda ake tsara takardar ofis, har da ni. Ranar da na fara aiki ta kalli abin da na buga ta ce, "Ɗan nan, wannan takarda ce ko shanya?" Ta zaunar da ni a gefenta har na iya.

Hannunta ne ya san aikin, ba idonta ba. Shekara da shekaru yatsunta sun haddace inda komai yake, sai muka zo da safe ɗaya muka sauya mata wurin komai, muka ce mata ai duk ɗaya ne. Da na ji an ce aikinta ya ja baya, na je na tsaya a bayanta ina kamar duba waya. Ga abin da na gani. Duk takardar da ta zo a watse, ba ta san akwai hanyar daidaita ta ba, sai ta goge ta sake buga ta tun daga farko. Duk wadda za ta aika, sai ta fitar da kwafi ta duba, ta gyara, ta sake fitarwa. Aikin mutum uku take yi, ana rubuta mata rabin aikin mutum ɗaya. Na ce, "Anti, me ya hana ki kira ni?" Ta ce, "In ce maka me? Ba ta lalace ba, kuma ni ba na ƙarya. In ce ban iya ba kuma, a gaban yaran da na koya wa riƙe takarda?" Na jawo kujera na zauna, na nuna mata abu biyu. Kafin a tashi ta kama su, har tana gyara mini yadda nake ɗora yatsu. Amma ban kai ga na uku ba aka leƙo aka ce wata kwamfuta ta lalace a ofishin sufuri, na tashi na tafi goyo.

Waɗanda suka ce kwamfuta ta lalace an ba su tsohuwa, aikinsu ya tafi daidai, ba wanda ya rubuta sunansu. Wadda ta ƙi ɗora wa na'ura laifi, ta zauna tana fama ita kaɗai, ita ce yau sunanta ke gaban kwamiti. Idan wannan ne sakamakon gwajinmu, to ba manhajar muka gwada ba, mun gwada wa ya fi iya kare kansa ne.

Saboda haka roƙona uku ne, kuma ba su da tsawo. A ɗora manhajar, amma ofis bayan ofis, kada a tashi da safe ɗaya a juya wa gida duka. A bar kwamfuta ɗaya da tsohuwar manhaja a kowane hawa saboda takardun waje. Sannan duk teburin da aka canza wa manhaja a ajiye kujera ta biyu a gefensa, wanda ya iya ya zauna, ba tare da an jira mai teburin ya roƙa ba, domin mun san ba zai roƙa ba. Ni kaɗai ba zan iya zama a kan kujerun nan duka ba. Idan ba za a yi haka ba, ni da na kawo shawarar nake cewa a bar mu da abin da muka saba, domin kyautar da za ta ci kujerar mutum ta yi mana tsada.

Kafin in hau nan na je na nemi izinin Anti, domin ba zan tona abin da ta rufe ba sai da yardarta. Ta share madannan kwamfutarta da gefen mayafi. Sannan ta ce, "Faɗa musu, ɗan nan, na gaji da ɓoyewa. In kuma sun ce sito, ba zan yi musu ba. Ka dai roƙa mini su ajiye ni kusa da kwamfutocin nan naka. Ka manna mini takardar a goshi ni ma, tunda kai kaɗai ka san lafiyarmu ƙalau."

Ga ta can a layin baya, ba ta ɗago kai ba tun da na fara. Mai girma shugaba, na ɗauki kwamfutoci masu lafiya da yawa na kai sito da hannuna, na yi shiru. Wannan karon ba zan ɗauka ba.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya ba manyanmu sauƙin tambaya, Ya ba ƙanananmu ladabin koyarwa. Allah Ya rufa mana asiri a bakin aikinmu, kada Ya sa a wulaƙanta mu a wurin da muka ƙarar da ƙuruciyarmu. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya, Ya sa mu tarar da iyalanmu cikin alheri.

Na gode.