Likkafani a Takardar Kyauta

Mujahida: Salamu alaikum. Hatim?

Hatim: Wa alaikumus salam. Yaya Mujahida! Ina wuni?

Mujahida: Lafiya lau. Ya hanya? Ya gajiyar jirgi?

Hatim: Alhamdu lillahi. Ya ƙafar Umma? Ya yara?

Mujahida: Da sauƙi. Kwana uku da dawowarka daga Japan, gidanku da namu duk a unguwar Shisha nan Makka, amma ko leƙowa. Ka je ka ga ƙanena ka dawo ka yi shiru?

Hatim: Aiki ne ya riƙe ni, wallahi.

Mujahida: Kai da aiki? Ya ka baro Idris? Tun Talata ba ya ɗaukar wayarmu.

Hatim: Idris ai garau. Yaya, ranar hutunsa ya zaga da ni Osaka tun safe. Kasuwa ce mai rufi, doguwa, sai ka ce daga nan zuwa Mina. Na sayi takalma, na sayi wuƙar girki, shi kuma ya saya wa Umma abin manna wa gwiwa. Na tsaya ciniki irin namu na Makka, na ce wa mai shago ya rage, mutumin nan sai sunkuyawa yake yana ba ni haƙuri. Idris kamar ya nutse.

Mujahida: Ba shi na tambaye ka ba.

Hatim: Ga ƙosansu, da naman wani abin teku mai hannu takwas a ciki. Goma sha biyu na ci a tsaye, har mai tuyar ya tafa mini. Taliya da romo kuwa, a shagon wani Musulmi, da tsinke biyu na... Halo? Yaya?

Mujahida: Ina jin ka. Kai ne kake tsinkewa.

Hatim: Ramin dutse na shiga da mota. Bari in fita in tsaya.

Mujahida: To tsaya. Saƙon Umma fa? Ka ba shi?

Hatim: Saƙon Umma... wato...

Mujahida: Hatim.

Hatim: Yaya, ki yi mini rai, kada ki ɗaga murya.

Mujahida: Inna lillahi. Ka yar da shi?

Hatim: Ina ma yarwa na yi.

Mujahida: Likkafani ne fa! Tun da Umma ta ji a can ƙone gawa suke ta daina barci. Da kanta ta jiƙa shi da Zamzam, ta shanya a saman gida, da ƙafar nan tata.

Hatim: Na sani. Abin da ya faru, shagunansu suna naɗe kaya da takarda mai furanni, da zare, kyau kamar kada ka buɗe. Da Idris ya shiga banɗaki sai na ba wata mai shago ledar Umma ta naɗe mini. Nufina in miƙa masa in ce agogo ne, ya buɗe in ga idonsa. Wasa ne kawai irin wanda muka saba.

Mujahida: Wasa da likkafani. To sai me?

Hatim: Da yamma maigidansa ya gayyace mu cin abinci a wani gidan abinci. Tsohon da Idris ke wa aiki a wurin kayan mota. Satinsa biyu da fitowa daga asibiti, an yi masa aikin zuciya.

Mujahida: Wayyo Allah.

Hatim: Dama Idris ya ce in taho wa tsohon da dabino da turare daga Makka. Na manta su a masauki, ban gaya masa ba. Muna zama ya leƙa jakata, ya ga abu a naɗe, ya ce, "Kai, yau ka yi hankali." Ya ɗauka da hannu biyu, ya sunkuya, ya miƙa wa tsohon.

Mujahida: Kana kallo?

Hatim: Ina kallo.

Mujahida: Bakinka ciwo yake?

Hatim: Dariya ce ta cika mini ciki, Yaya. Na ce a raina bari ya buɗe, in fashe da dariya, in karɓe abina. Ashe su ba sa buɗe kyauta a gaban wanda ya ba su. Ya ɗaga ta har goshi, ya yi godiya, ya ajiye a gefensa. Aka ci, aka sha shayi, har hoto muka yi. Sau uku ina buɗe baki, kunya ta hana ni. Ya tafi da ita gida.

Mujahida: Tsaya. Takardar da ke ciki fa? Ka cire?

Hatim: Ban ma san da takarda ba.

Mujahida: Ni na rubuta ta da Larabci, Umma tana faɗa mini! "Ga likkafaninka. Idan ajali ya zo kada ka bari su ƙone ka."

Hatim: 'Yar tsohon ce ta haska ta da waya, ta fassara masa. Kalma kalma.

Mujahida: La haula. Idris fa?

Hatim: An ce ya zauna a gida sai an neme shi. Ya je ƙofar gidan sau biyu don yi musu bayani, 'yar ta ce babanta ba ya jin daɗi. Kuma tsohon ne zai sa masa hannu a takardar zama wata mai zuwa. In bai sa ba...

Mujahida: Shekara shida yaron nan yana wanke ƙarafa a sanyi, kai ka je kwana biyar.

Hatim: Shi ya raka ni tashar jirgi, ya ɗaukar mini jaka. Ko zagina bai yi ba, Yaya. Da ya mare ni da na fi jin daɗi. Ya ce kawai, "Ka gai da Umma." Yanzu ya toshe lambata. Wallahi ranar da muka zaga kasuwar nan, ba mu taɓa yin dariya irinta ba tun muna yara, ni na ɓata ta da hannuna.

Mujahida: Ga Umma nan ta fito, ta ji sunanka.

Hatim: Don Allah ki ce mata layi ya...

Mujahida: Ba ni zan gaya mata ba. Umma, ga Hatim.

Umma: Hatimu ɗan albarka, sannu da hanya. Ka damƙa masa a hannunsa ko? Yanzu hankalina ya kwanta.

Hatim: Umma... kada ki tashi daga inda kike. Ga ni nan zuwa.