Na Buɗe wa Jikata Kasuwa

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni ne Sale tela daga Dilimi, Jos.

Jikata Hauwa ta ƙirƙiri wasan waya kan haƙar kuza, amma da dala ta sa farashi, yaran unguwa suka kasa saya. Har ta fara cigiyar mai sayen kwamfutarta. Da ta mayar wa 'yan ƙasa farashin zuwa naira, sai ta ce ni kyauta ne.

Na ce, "Amarya, ba a buɗe kasuwa da kyauta." Na biya ta hannu da hannu.

Ta ce, "Ango, ka iya bugawa kuwa?"

Ban iya ba, amma yau har unguwar Kabong ana saye, kwamfuta kuma tana nan daram!

Ina gaida abokaina na ajin yamma. Ku zo ku saya, ba kyauta!