Nata'ala Bai Ci Cikin Kek Ba

Ranka ya daɗe Wakilin Hakimi, Allah gafarta Malam Liman, masu unguwanni, Inna Mu'minatu uwargidan marigayi, 'yarsa Kubura, jama'ar Dutse, salamu alaikum.

Yau kwana arba'in da rasuwar Malam Nata'ala Kuku. Ni Jaji aka ce in yi magana, don katanga ɗaya ta raba mu, kuma babu kunnen da ya sha bugun gwangwaninsa kamar nawa.

Ya kasance mai gaskiya, amma shekara ashirin yana ɗauke da sunan ɓarawo. Da Bature ya fara sauka a bariki, aka ɗauke shi kuku. Matar Baturen ta ce a gasa mata kek, wani abin fulawa da ƙwai da sukari. Bai taɓa gani ba, sai ya tambayi Inna. Inna, ki yi haƙuri, sai na faɗa. Kika ce, "Ai funkason Turawa ne. Buga shi sosai, ka bar shi ya kwana ya tashi." Mu kuwa funkaso mai ramuka muke so, don ya sha miya. Aka yanka a gaban baƙi, sai ga rami a tsakiya, ɓera da iyalinsa sa zauna a wadace. Bature ya ce kuku ya ƙwaƙule cikin ya cinye. Ran nan aka kore shi, mu kuma muka sa masa suna Ci-ciki. Ina jin kunyar wannan har yau.

Ya kasance mai naci. Ya sayar da akuyarsa ya yi aiken fulawa Kano, ya mai da garwar kananzir wurin gashi, har ya gano iska ce ke ɓuya a ƙullu. Ya tankaɗe gari sau uku, ya juya ƙullun a hankali, ya zuba a gwangwani, ya ja tsinke a ciki, sannan ya buga gwangwanin da ƙasa, ƙwam, ƙwam, ƙwam, iska ta fito. Muka ce aljanu yake kira, har muka kai ƙara wurin Malam Liman. Malam ya je bincike, ya dawo yana lasar yatsa.

Sai dai kafin ya gwanance, Baturen ya koma ƙasarsu. Ana gobe Nata'ala zai cika, ya riƙe hannuna ya ce, "Jaji, ka gaya musu ban ci ba."

Kubura, kawo wanda kika gasa yadda ya koya miki. Ga wuƙa. Bismillahi. Ku matso ku duba. Ko hujin allura babu! To ku shaida, Nata'ala bai ci ba, mu ne muka ci haƙƙinsa.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa kabarinsa, mu kuma Ya sa ya yafe mana. Amin.