Asusun Ƙanena da Na Sa wa Ido

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya raba ni da ciwon da likita ba ya gani.

Sunana Iliya. Shagona na wasan bidiyo yana bayan tashar Gummi, na ƙanena Bitrus kuma yana kan hanyar Bukkuyum. Ni na koya masa sana'ar nan tun bai iya haɗa waya da talabijin ba.

Bara ya zo mini da sabon abu, wai bulokcen. Ya ce akwai wani dandali a intanet, in ka sayi gem, wato wasan bidiyo, ya zama naka, in ka gaji da shi ka sayar wa wani, kuma kowane ciniki yana nan a fili, kowa na gani, babu mai iya gogewa. Na ce ni ban yarda da kayan da hannuna ba zai taɓa ba. Sai ya turo mini lambar asusunsa, ya ce in riƙa dubawa da idona.

'Yan'uwa, da ma ban duba ba!

Kullum sai in ga gem ya bar hannun Bitrus ya koma na wani, in ce riba yake ta kwasa. Hassada ta kama ni, ba zan sakaya muku ba. Yaron da na koya wa aiki! Kafin in yi addu'ar safe, asusunsa nake buɗewa a waya. Tuwo ya daina yi mini daɗi, har matata ta tambaye ni ko wayar ce ta biya sadakinta. A coci in Bitrus ya zauna gaba, sai in nemi bencin baya. In ya kira, ina kallon wayar har ta katse.

Kwanan baya abin ya ƙaru. Manyan gem ɗin da yake ji da su suka fara fita bi da bi. Na ce shi ke nan, yaro ya yi arziki ya bar ni a tasha.

A taron addu'a fasto ya ce kowa ya sa wa ɗan'uwansa albarka, ya ambaci sunansa. Bakina ya ƙi faɗin Bitrus. Nan tsoro ya kama ni. Na durƙusa na ce, ya Ubangiji, kai ka ga abin da ke cikina, ka cire mini shi. Na yi kuka sosai kafin sunan ya fito.

Washegari na hau babur na nufi shagonsa. Na tarar an kwashe kujeru, talabijin ɗaya kawai ya rage. Ashe matarsa Rahila ce kwance a asibiti a Sakkwato, za a yi mata aiki, shi ne yake karyar da jarinsa.

Na ce, "Mi ya hana ka hwaɗa mani?"

Ya ce, "Yaya, na kira ba ka ɗauka ba. Sai nic ce ai kana duba asusun. In ka ga manyan nan na hita, ka san ba lahiya ba, kai da kanka za ka taho."

Bulokcen bai yi mini ƙarya ko sau ɗaya ba. Ƙanena na neman taimako a gaban idona kullum, ni kuwa ina jin haushinsa.

Rahila ta fara tashi zaune, godiya ta tabbata ga Allah. Duk mai irin ciwona, ya kai shi gaban Yesu yau, kada ya jira ya tarar da shago a kwashe. Amin.