Gonar da Take Tafiya

A tashar Kura, wani dattijo da wani matashi suna jiran mota ta cika.

"Asibiti za ka, Baba?"

"Asibiti, ɗana. Kaina nake zargi. In na daɗe ina kallon ruwan kanal ɗin ban-ruwa, na ɗaga ido, sai in ga gonata tana tafiya a hankali kamar kwalekwale, har da bishiyoyin."

"Haba Baba, ai duk mai ban-ruwa yana ganin haka! Ido ne ya saba da gudun ruwa. Amma me kake nema a ruwan?"

"Ba komai. Nan muke zama da mai ɗakina in ta kawo min fura. Bara ta rasu."

"Allah ya jiƙanta. Ka je asibitin, Baba. Amma ka fara ba su labarinta kafin na gonar."