Kawun Sabon Kansila

A ƙofar zauren da ake rantsar da sababbin kansiloli, wani dattijo ya matsa, ya ba wata mata wuri a kan benci.

"Naki na ciki ne, baiwar Allah?"

"A'a, Baba, sauraro na zo. Kai fa?"

"Ɗan ƙanwata, a hannuna ya tashi. Amma dokarsu ta ɗaure min kai. Jiya na ce ya ba ni rumfa a kasuwa, ya ce shi ba kansila ba ne sai ya yi rantsuwa ya sa hannu."

"Ai gaskiya ya faɗa."

"To, a rantsuwar kuma zai ce ba zai fifita dangi ba. Kafin rantsuwa ba iko, bayan rantsuwa ba hali. Yaushe ne rabon kawu?"

"Sai dai ka tare shi tsakanin ɗaga hannu da buɗe baki."

Dattijon ya yi dariya. "Ba wata rumfar kirki ba ce fa. Ta bakin ƙofa, ta wata mai bokitai. An ce ko ciniki ba ta yi."

"Tana yi, Baba. Yau ne kawai ta rufe, ta zo jin rantsuwar ɗan ƙanwarka da kunnenta."